Tarihin karo-karo don ƙera wasannin intanet: su wa suka ci riba, su wa suka yi asara?



Bayan shirinmu na makon jiya, wani matashi mai sana'ar cajin waya ya turo mana saƙon murya. Ya ce an sa shi cikin wani gurup na WhatsApp inda ake cewa kowa ya zuba jika biyar, wai za a ƙera wani wasa na waya da dubban mutane za su riƙa bugawa tare, kuma waɗanda suka fara zubawa su za su fi kowa morewa in wasan ya fito. Tambayarsa ita ce: "Shin wanga abu ya taɓa yiwuwa a wani wuri, ko kuwa cinikin biri a sama ne?" Muka ga amsar ta fi ƙarfin minti biyu na antan, shi ya sa muka zauna muka rubuto muku tarihin abin tun daga tushe.

MU MUN SAN KARO-KARO TUN BA YAU BA

Haɗa hannu a yi abin da mutum guda ba ya iyawa ba baƙon abu ba ne gare mu. Da gayya kakanninmu suka noma gandu, da adashi iyayenmu mata suke yi wa ɗiyansu kayan ɗaki. A nan jihar Maradi ma aka haifi tsarin Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE: mata su taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanke cikin asusu, a ba mai bukata rance, in shekara ta zagayo a fasa a raba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Abin da ya riƙe shi shi ne kowa ya san kowa, ana ƙirga kuɗi a gaban idon jama'a, kuma akwai ranar rabo da aka sani tun farko. Ku riƙe waɗannan abubuwa, za mu dawo kansu.

YADDA ABIN YA HAU INTANET

A watan Afrilun 2009 aka buɗe wani shafi a birnin New York na Amurka mai suna Kickstarter. Mai son yin fim, ko littafi, ko wasa, sai ya je ya bayyana aikinsa, ya faɗi kuɗin da yake nema da kwanakin da ya ɗiba. In an kai adadin, a ba shi kuɗin, shafin ya cire kashi 5 cikin 100. In ba a kai ba, ba a taɓa aljihun kowa. Faransa ma ta samu irin nata, Ulule da KissKissBankBank. Sai dai a lura da kyau: wanda ya zuba kuɗi a Kickstarter bai sayi hannun jari ba. Alkawari aka yi masa cewa in aiki ya ƙare za a ba shi wasan, ko riga, ko a rubuta sunansa a ciki. Riba kuwa ta mai kamfani ce.

Shekarar da abin ya fashe ita ce 2012. A watan Fabrairu wani sanannen mai ƙera wasanni, Tim Schafer, ya nemi dalar Amurka 400,000 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba). Kafin kwana guda ya cika an kai adadin, kafin wa'adi ya ƙare mutane fiye da 87,000 sun tara masa sama da dala miliyan 3 da 300,000. Duk da haka kuɗin ba su isa yadda aka zata ba: wasan, Broken Age, sai da aka raba shi gida biyu, rabi ya fito a 2014, rabi a 2015. Amma ya fito. Ganin haka, tsofaffin gwanayen sana'ar suka ce ashe ba sai mun je roƙon manyan kamfanoni ba, mu je wajen masu wasa kai tsaye. Da yawansu kuma suka zaɓi nau'in wasan da ya fi kowane tsada, wato wanda dubban mutane ke shiga duniya guda a lokaci guda ta intanet.

MI YA SA IRIN WANGA WASA KE CIN KUƊI?

Bari mu kwatanta da abin da muka sani. Sau nawa muka ga an gina foraj a gari, an yi buki, an sha ruwa shekara biyu, sannan injin ya tsaya don babu asusun gyara? Kuɗin gini daban, kuɗin riƙo daban. Wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai kamar littafi yake: an gama, an sayar, shi ke nan. Wasan taron jama'a kuwa kullum sai manyan kwamfutoci sun kwana a kunne don riƙe shi, sai an biya wuta da layin intanet, sai an biya ma'aikata masu gyara da masu korar ƴan maguɗi da masu ƙara sabbin abubuwa don kada mutane su gaji. Ranar da aka kashe waɗannan kwamfutoci, duk abin da ka saya a ciki ya tafi.

Sannan wasan kamar kasuwa yake, ba ta ci sai da mutane. In ka shiga ka tarar ba kowa, gobe ba za ka dawo ba, wanda ya zo bayanka ma haka. World of Warcraft, wanda ya fito a 2004, ya rayu ne saboda a 2010 yana da mutane miliyan 12 masu biyan kuɗi kowane wata. Shi kuwa Star Wars: The Old Republic na 2011, an ƙiyasta ƙera shi ya ci kusan dala miliyan 200. To, wanda ya tara miliyan biyu a Kickstarter ya ce zai yi irinsu, kashi ɗaya cikin ɗari ke nan ya samu. Tun a lokacin masu lura suka fara tambaya: sauran daga ina za su fito?

WAƊANDA SUKA FAƊI A HANYA

Shekaru sun ba da amsa. Pathfinder Online ya tara sama da dala miliyan 1 a farkon 2013, bai taɓa samun jama'ar da za ta riƙe shi ba, aka rufe shi a 2021. Camelot Unchained ya tara miliyan 2 da 200,000 a 2013, aka shekara goma masu zubi suna jiran cikakken wasa. Crowfall ya tara kusan miliyan 1 da 800,000 a 2015, ya fito a watan Yulin 2021, aka sayar da shi ga wani kamfani kafin shekarar ta ƙare, a watan Nuwamban 2022 aka kashe kwamfutocinsa. Shekara shida ana jira, ba a yi shekara ɗaya da rabi ana wasa ba.

Wanda ya fi ƙona ran mutane shi ne Chronicles of Elyria. Ya tara sama da dala miliyan 1 da 300,000 a 2016, sannan ya ci gaba da sayar da filaye da sarautu na cikin wasan da ba a ƙera ba tukuna, har jimillar ta kai kusan miliyan 8. Wasu sun biya dubban daloli don su zama sarakuna. A watan Maris na 2020 shugaban kamfanin ya sanar cewa kuɗi sun ƙare, ya sallami ma'aikata. Masu zubi suka kai ƙara kotu, a 2022 aka kori ƙarar. Sarakunan suka tashi ba ƙasa, ba kuɗi.

WANDA YA ƘI CI YA ƘI CINYEWA

Babban labarin shi ne na Star Citizen. A watan Oktoban 2012 Chris Roberts ya ce zai ƙera wasan jiragen sararin samaniya, ya sa 2014 a matsayin lokacin fitowa. A Kickstarter ya samu dala miliyan 2 da ɗan abin kai, amma bai rufe asusu ba, ya ci gaba da karɓa a shafinsa ta hanyar sayar da jiragen cikin wasa. A 2018 har an sa wani kunshin jirage a kan dala 27,000. A 2022 kuɗin da aka tara suka haura dala miliyan 500, a 2024 suka haura miliyan 700. In muka lissafa dala guda a kan sefa 600, miliyar 420 ke nan na kuɗinmu.

A yi adalci: akwai abin bugawa, mutane na shiga suna tuƙa jiragensu, kuma kamfanin na da ɗaruruwan ma'aikata a Ingila, Jamus, Amurka da Kanada. Sai dai an wuce shekara goma da ranar alkawari wasan na matakin gwaji. Magoya baya na cewa ba a taɓa yin aiki mai girman wannan ba, dole ya ɗauki lokaci. Masu shakka kuma na cewa albashin wannan wata daga cinikin jiragen wannan wata yake fitowa, don haka duk ranar da masu saye suka gaji, aikin zai tsaya inda yake.

AKWAI WAƊANDA SUKA CIKA ALKAWARI

Kada mu yi musu kuɗin goro. A Ingila, David Braben ya tara kusan fam miliyan 1 da 600,000 a farkon 2013 don Elite Dangerous, wasan kuma ya fito a watan Disamban 2014, har yanzu ana buga shi. Abin lura shi ne kamfaninsa, Frontier, ya kusa shekara ashirin yana aiki kafin nan, yana da ma'aikatansa da wasu hanyoyin samun kuɗi. Da ruwan ciki ya ja na rijiya.

A nan kusa da mu, a Yawunde ta Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun ƙera Aurion, wanda ya fito a watan Afrilun 2016. Sun bi hanya biyu: sun sayar da hannun jarin kamfanin ga masu zuba jari, sannan suka nemi ƙari a Kickstarter a 2015. Kuma ba su ɗauko duniyar dubban mutane ba, sun yi wasan da mutum ke bugawa shi kaɗai, daidai ƙarfinsu. Ko da matsalar wutar lantarki da suka sha fama da ita, sun kai gaci.

ABIN DA YA SHIGO GIDAJENMU

Mu nan ba mu zuba a Kickstarter ba, don yawancinmu ba mu da katin banki da ake biya da shi. Amma iskar ta iso mu ta wata ƙofa. Kowa ya tuna 2024, lokacin da samari daga Kano zuwa Maradi suka duƙufa kan danna waya a wasan Hamster Kombat na Telegram, wanda masu shi suka ce ya tara mutane miliyan 300. An ƙona forfe, an biya caji, an hana ido barci. Da aka raba sulallan a ranar 26 ga Satumban 2024, da yawa suka ga abin da suka samu bai kai kuɗin kiredin da suka kashe ba. Kafin nan maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana MMM, wanda ya rufe asusun mutane a watan Disamban 2016. Waɗannan ba iri ɗaya ba ne da neman tallafin ƙera wasa, amma ƙugiyar guda ce: shigo da wuri, na farko shi ke cin moriya.

Yanzu mu koma kan asusun iyayenmu mata. A can an san mai riƙe da makulli, an san gidanta da mijinta. A gurup ɗin da aka sa ɗan uwanmu, wa ya san mai karɓar kuɗin? A can ana ƙirge a fili kowane mako. A nan wa ya ga lissafi? A can akwai ranar rabo. A nan wace rana aka sa, kuma mi zai faru in ta wuce? In mutane masu suna irin waɗanda muka lissafa, da ofisoshi da miliyoyin daloli, sun kasa cika alkawari, to wanda lambar waya kaɗai muka sani tasa fa?

Amsarmu ga mai tambaya ke nan. E, ya taɓa yiwuwa, amma ga waɗanda suka riga suka iya aikin, suka nuna abin da suka taɓa yi, kuma suna da abin riƙe wasan bayan ya fito. Kafin ka tura jika biyar ɗinka, nemi cikakken sunan mai aikin, nemi wasan da ya taɓa gamawa ka buga shi da hannunka, tambaye shi wa zai biya kuɗin riƙo wata-wata, kuma ya faɗa maka ƙarara ko kyauta kake bayarwa ko jari kake zubawa. In an ce sai ka kawo mutum uku kafin ka ci riba, fita daga gurup ɗin. In kuwa wani yaro namu ne da ya koyi kwamfuta yake son ƙera ƙaramin wasa da Hausa, muka san shi muka san iyayensa, to a taimaka masa da abin da ba zai taɓa kuɗin taki ko na hatsin gida ba, a kuma ce ya riƙa nuna mana inda aiki ya kai.

Za mu sake ɗauko zancen a shirinmu na mako mai zuwa, tare da saƙonninku. Duk wanda ya taɓa zuba kuɗi a irin wannan, ya ci ko ya faɗi, muna son jin labarinsa, ba sai ya faɗi sunansa ba. Mu kwana lafiya.