Shirun Stefan George

Tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ita ce: shin za a tuhumi sha'iri da abin da masu karatunsa suka aikata? Rayuwar Stefan George ce ta jefa ni cikin wannan tunani.

An haife shi a 1868 kusa da garin Bingen, a gaɓar kogin Rhine na Jamus. A 1889 ya je Paris, ya zauna a majalisin Mallarmé, inda ya koyi waƙar da ke magana da alama da ishara maimakon bayani ƙarara. Da ya koma gida, ya kafa mujallar Blätter für die Kunst a 1892, ya tara almajirai masu kiransa ubangida.

Littafinsa na 1928, mai taken Sabuwar Daula, ya yi wa 'yan Nazi daɗi. Da suka hau mulki a 1933, suka yi masa tayin muƙamin girmamawa. Ya ƙi karɓa, amma bai fito fili ya la'ance su ba. Ya tafi Suwizalan, ya rasu a Minusio cikin Disambar shekarar.

Cikin almajiran da suka halarci jana'izarsa akwai Claus von Stauffenberg, wanda ya dasa wa Hitler bam ranar 20 ga Yuli, 1944, aka harbe shi a daren. Rijiya ɗaya ce ta shayar da azzalumai da mai yaƙarsu. Saboda haka ban ɗora wa George laifin 'yan Nazi ba. Abin da na kasa yafe masa shi ne shirunsa, a lokacin da kalma ɗaya bayyananniya ta fi ishara dubu.