Faifan da Ƙusa Ta Kasa Kashewa: Yadda Rege da Kiɗan Bubblegum Suka Tashi a Afirka ta Kudu

A ɗakin ajiyar faya-fayai na gidan rediyon gwamnatin Afirka ta Kudu, SABC, har yau akwai baƙaƙen faya-fayan garmaho masu ɗauke da tabo. Idan kwamitin tace waƙoƙi ya yanke wa wata waƙa hukunci, sai a rubuta gargaɗi a jikin kwalin faifan, wani lokacin kuma a sa ƙusa ko wani tsinin ƙarfe a karce layin waƙar, ta yadda ko mai gabatar da shiri ya yi taurin kai ya ɗora allura, sai dai ta yi ta tsalle. A ƙarƙashin irin wannan ido aka haifi kiɗan da daga baya ya cika tashoshin mota da shagunan kaset daga Nairobi har Kano.

Sana'ar faifai ta daɗe a ƙasar. A 1926 Eric Gallo ya buɗe kamfaninsa a Johannesburg, kuma a ɗakin ɗaukar muryarsa ne Solomon Linda ya rera "Mbube" a 1939. An sayar da kusan kwafi 100,000 na faifan, waƙar ta ƙetare teku ta koma "The Lion Sleeps Tonight", amma Linda ya rasu a 1962 hannunsa babu komai. Tun daga nan aka kafa tsarin: farar fata ke da injin buga faifai, baƙar fata ke da murya da kasuwa.

A farkon shekarun 1960 gwamnatin wariyar launin fata ta ƙara wa tsarin shinge. Ta kafa Radio Bantu, ta raba tashoshi bisa harshe: Zulu daban, Sotho daban, Xhosa daban. Mawaƙi sai ya miƙa baitocinsa a rubuce kafin a saka waƙarsa, kuma wanda ya gauraya harsuna yana iya rasa iska gaba ɗaya. Kiɗan mbaqanga, mai jita da amon maƙogwaro irin na Mahlathini da Mahotella Queens, shi ya ci kasuwar wancan lokaci.

Bayan boren ɗaliban Soweto na 16 ga Yuni 1976, kunnen matasa ya sauya. Sun fi son abin da ke fitowa daga Amurka da Jamaika. Peter Tosh ya saka waƙa mai suna "Apartheid" a faifansa na 1977, Bob Marley ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabuwe a Afrilun 1980, Jimmy Cliff kuma ya zo Soweto da kansa a wannan shekarar. Faya-fayan rege suka riƙa yawo daga hannu zuwa hannu a unguwannin baƙar fata.

Cikin masu sauraron akwai wani saurayi ɗan garin Ermelo, Lucky Dube, wanda aka haifa a 1964. Da mbaqanga ya fara, da harshen Zulu, a ƙungiyar ɗan'uwansa Richard Siluma, kuma faya-fayansa suna tafiya lafiya, kowanne na sayuwa kimanin 30,000. Sai dai ya lura cewa duk sanda ya jefa waƙar rege a tsakiyar wasa, fili yakan ɗauki zafi. A 1984 ya fitar da ƙaramin faifai, "Rastas Never Die". Kwafi 4,000 kacal aka saya, gwamnati kuma ta haramta shi a 1985. Da wani ne, da ya koma gidan jiya. Shi kuwa a shekarar ya sake fitowa da "Think About the Children", kasuwa ta karɓa. A 1987 "Slave" ya haura kwafi 500,000. A zahiri waƙar da ta ba faifan suna kan mashayi take magana, mutumin da kwalba ta mayar bawa, amma kalmar bawa a bakin baƙar fata a wancan zamani tana da nauyin da kowa ya sani. "Together As One" ya biyo a 1988, "Prisoner" a 1989, kuma a 1991 Dube ya hau dandalin Reggae Sunsplash a Jamaika, ya kai wa masu abu abinsu.

A gefe guda kuma wani kiɗan na tashi, na rawa zalla. Injin ganga da fiyanon lantarki sun rage wa kamfanoni kuɗin ɗaukar makaɗa da yawa, aka samu sauti mai sauƙi, mai amshi da ke manne wa mutum. Masu raina shi suka laƙaba masa suna bubblegum, wato cingam, abin da ake taunawa a tofar. Sunan ya zauna, kiɗan kuma bai tofu ba. Brenda Fassie, 'yar unguwar Langa a Cape Town, ta fitar da "Weekend Special" a 1983 tare da ƙungiyar Big Dudes, aka saya kamar ƙosai mai zafi. Yvonne Chaka Chaka ta Dobsonville a Soweto ta biyo da "I'm in Love with a DJ", sannan "Umqombothi", waƙar giyar gargajiya ta masara da dawa, wadda ta zagaye nahiyar har aka riƙa kiranta Gimbiyar Afirka.

Dokar ta-ɓaci ta 1985 da ta 1986 ta sa faɗin gaskiya a fili ya zama kasada, sai mawaƙan suka koma ga habaici. A 1987 Sello Twala, wanda aka fi sani da Chicco, ya fitar da "We Miss You Manelow". A takarda labarin wata da ta bar gida ne ana kewarta. A filin wasa kuwa jama'a kan sauya sunan da bakinsu, su kira Mandela, wanda ke ɗaure tun 1962 kuma doka ta hana a buga hotonsa. Ba kowa ya tsallake ba: waƙar "Whispers in the Deep" ta Ray Phiri da ƙungiyar Stimela ta faɗa hannun masu tacewa a 1986, haramcin kuma ya ƙara mata farin jini. Sai a 1990, shekarar da aka saki Mandela, Chicco da Brenda suka fitar da "Black President" ba tare da kewaye-kewaye ba.

Zuwa lokacin faifan garmaho ya fara ja da baya. Kaset ya fi shi arha, ya fi shi jure zafi da ƙura, ga shi kowa na iya kwafarsa, kuma ta hanyarsa ne muryoyin Dube da Yvonne suka iso kasuwannin Najeriya da Gana. A shekarun 1990 masana'antun buga faifai na ƙasar suka rufe, matasan Soweto suka ɗauki injunan bubblegum suka rage musu gudu, suka haɗa da kiɗan house, kwaito ya fito. Brenda ta rasu a 2004, 'yan fashin mota kuma suka harbe Dube a Rosettenville ranar 18 ga Oktoba 2007.

Faya-fayan da suka kwanta a rumbunan ajiya sun sake samun masu nema. A Johannesburg, DJ Okapi ya kafa Afrosynth Records yana tono su yana sake bugawa, kamfanin Soundway na Ingila kuma ya tattara wasu a kundin "Gumba Fire" a 2018. Waƙoƙin da aka yi don mashayar unguwa a Soweto yanzu ana ɗora musu allura a gidajen rawa na Landan da Amsterdam.