Horizon: Yadda Kotunan Birtaniya Suka Gaskata Kwamfuta, Suka Ɗaure Mutane

A shekarar 1997, Hukumar Gyaran Dokoki ta Ingila ta ba da wata shawara wadda in ban da lauyoyi babu wanda ya kula da ita. A lokacin, sashe na 69 na dokar shaidar laifuka ta 1984 ya wajabta wa duk wanda zai kafa hujja da bayanan kwamfuta a gaban alƙali ya fara nuna cewa na'urar tana aiki daidai. Hukumar ta ga wannan ɓata lokaci ne, ta ce a soke shi. Majalisa ta amince a 1999. Daga nan kotu ta koma ɗaukar cewa abin da kwamfuta ta faɗa gaskiya ne, sai fa idan wanda ake tuhuma ya kawo dalilin da zai nuna akasin haka.

A cikin wannan shekarar ce kuma Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya ta fara girka wata sabuwar manhajar lissafi mai suna Horizon a dubban rassanta. Kamfanin ICL, mallakar Fujitsu na Japan, shi ya rubuta ta. Yawancin rassan nan ƙananan kantuna ne a ƙauyuka da unguwanni, mutum da iyalinsa ke riƙe da su, tsofaffi na zuwa karɓar fansho, ana sayar da kan sarki da jarida. Yarjejeniyar da masu rassan suka sa wa hannu, kamar yadda hukumar ta fassara ta, ta ɗora musu biyan duk wani giɓi da ya bayyana a lissafi daga aljihunsu.

Tun kafin a fito da manhajar, na cikin gida sun san da matsala. David McDonnell, injiniyan da aka sa ya duba ɓangaren da ke lissafin ciniki a kan kanta, ya rubuta rahoto a 1998 yana cewa aikin ba shi da inganci, ya ba da shawarar a sake rubuta sashen lissafin kuɗi daga tushe. Ba a yi ba. An ci gaba da faci.

Jo Hamilton tana riƙe da reshen ƙauyen South Warnborough. Wata rana allon ya nuna mata giɓin fam 2,000. Ta kira layin taimako, aka faɗa mata maɓallan da za ta danna, ta danna, tana kallo giɓin ya koma fam 4,000. Aka ce ita za ta biya. Ta jinginar da gidanta, ta ci bashi, giɓin bai daina ƙaruwa ba. A ƙarshe aka tuhume ta da satar fam 36,000, duk da cewa mai binciken hukumar da kansa ya rubuta cewa bai ga shaidar sata ba. A 2007 ta amsa laifin shirya lissafin ƙarya don ta tsira daga gidan yari. Seema Misra ba ta tsira ba: a 2010 aka yanke mata wata 15 tana da juna biyu.

Abin da ya fi ci mini rai a labarin nan shi ne maganar da aka riƙa maimaita wa masu kiran layin taimako, cewa babu wani mai irin wannan matsala sai su. Kowa ya koma gida yana zargin kansa, ko yaron kantinsa, ko matarsa. Alhali a ofishin Fujitsu da ke Bracknell akwai kundin da ake rubuta kurakuran manhajar da aka riga aka sani.

Ɗaya daga cikin kurakuran an sa masa sunan garin Dalmellington na Sikotilan. Idan ana shigar da kuɗin da aka tura wani ƙaramin reshe, allon yakan tsaya cak. Mai aiki, kamar yadda kowa zai yi, sai ya sake danna maɓalli, ya ƙara dannawa. Kowace dannawa manhajar na rubuta kuɗin a matsayin sabon shigi. Fam 8,000 ya shiga sau huɗu, sai ga giɓin fam 24,000 da ba a taɓa ganin ko kwabonsa ba. Ban da wannan, ma'aikatan Fujitsu na iya shiga lissafin reshe daga nesa su yi gyara ba da sanin mai reshen ba. Hukumar ta shafe shekaru tana musun haka.

Tsakanin 1999 da 2015 an hukunta mutum fiye da 900. Kusan 700 daga ciki hukumar ce da kanta ta gurfanar da su, domin a Ingila tana iya shigar da ƙarar laifi ba tare da ta bi ta ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnati ba. Ita ce mai ƙorafi, ita ce mai bincike, kuma a hannunta da na ɗan kwangilarta bayanan da za su wanke wanda ake tuhuma suke. Ta yaya mai kanti a ƙauye zai nuna kuskuren manhajar da ba a ba shi damar leƙa cikinta ba?

Alan Bates, wanda aka ƙwace wa reshe a arewacin Wales a 2003 saboda ya ƙi sa hannu a kan lissafin da bai yarda da shi ba, shi ya ƙi haƙura. A 2009 mujallar Computer Weekly ta fara buga labarin, a shekarar kuma waɗanda abin ya shafa suka haɗu a ƙauyen Fenny Compton suka gane ashe suna da yawa. Mutum 555 suka shigar da ƙara. A Disambar 2019 Mai Shari'a Peter Fraser na Babbar Kotu ya yanke cewa Horizon na da kurakurai masu iya haddasa giɓi, kuma ana iya taɓa lissafi daga nesa. An yi sulhu a kan kusan fam miliyan 58, mafi yawansa ya tafi a kuɗin shari'a. A Afrilun 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin mutum 39. Sai da tashar ITV ta nuna wasan kwaikwayo a kan lamarin a Janairun 2024 sannan Majalisa ta yi dokar wanke mafi yawan sauran a lokaci guda. Wasu sun mutu kafin ranar. Rahoton kwamitin bincike na Sir Wyn Williams a 2025 ya ce mai yiwuwa mutum 13 sun kashe kansu saboda wannan bala'i.

Masu binciken ilimin manhaja sun daɗe suna faɗar abin da Hukumar Gyaran Dokoki ba ta saurara ba a 1997. Agogo ko sikeli idan ya lalace ana ganewa. Manhaja mai miliyoyin layuka tana iya yin daidai sau dubu, ta kuskure a na dubu da ɗaya idan waya ta yanke ko aka danna maɓalli sau biyu, kuma ba ta nuna alamar komai. Shi ya sa masana da lauyoyi irin su Paul Marshall da Stephen Mason suka nemi a tilasta wa mai kafa hujja da kwamfuta ya miƙa wa kotu kundin kurakuran da aka sani, da jerin waɗanda ke da ikon shiga su canja bayanai. A farkon 2025 Ma'aikatar Shari'a ta Birtaniya ta nemi jin ra'ayoyi kan sake duba ƙa'idar.

A Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman a nuna cewa kwamfutar tana aiki yadda ya kamata, a kuma kawo takardar tabbaci, kuma Kotun Ƙoli ta jaddada haka a shari'ar Kubor da Dickson. Ina ganin bai kamata a sassauta shi ba. Amma takardar da jami'in banki ya sa wa hannu ba ta isa ba idan mai sana'ar POS ne ke jayayya da lissafin kamfani. Lauyansa na buƙatar ikon neman kundin kurakuran manhajar, alƙali kuma ya tsaya sai an kawo shi.