Ɗaukaka Ƙara a Hukuncin Sata da Makomar Ɗaurarre: Waiwaye Daga Fiƙihun Malikiyya Zuwa Kotunan Arewacin Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin tarihin sake duba hukuncin da aka yanke wa wanda ya taɓa dukiyar mutane, da yadda sake dubawar take shafar fitarsa daga kurkuku. Ta faro daga zamanin Sahabbai, ta ratsa littattafan Malikiyya da Daular Sakkwato da mulkin Turawa, ta tsaya a kan jihohin da suka dawo da haddi daga shekarar 2000. Ta nuna cewa wanda aka yanke wa haddi amma ba a zartar ba ya faɗa tsakanin tsari biyu, kuma ɗaukaka ƙara ita ce ƙofar da shari'a da doka suka haɗu a kan buɗe masa.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya haramta wa kanSa zalunci, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa da alayensa da sahabbansa.

An daɗe ana yaɗa cewa shari'ar Musulunci ba ta san ɗaukaka ƙara ba, wai Turawa ne suka zo da "afil". Haka kuma ake ɗaukar sakin talala, wato sakin ɗaurarre bisa sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika, a matsayin baƙon abu. Maganganun biyu suna da ɗan asali, domin fiƙihu bai gina kotuna hawa-hawa irin na yau ba, kuma bai san ƙidayar sulusin wa'adi ba. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya bar mafi yawan labarin, kuma rashin sanin ragowar ya jawo wa wasu bayin Allah zaman shekaru da babu nassin da ya hukunta musu.

2.0 Warware Hukunci a Fiƙihu

Asalin wannan babi yana cikin wasiƙar Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi (RA) zuwa ga Abu Musal Ash'ari, wadda Ibnul Ƙayyim ya yi wa dogon sharhi a I'ilamul Muwaƙƙi'ina. A cikinta ya hore shi da kada hukuncin da ya riga ya yanke ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa.

Umar ya aikata hakan da kansa, kuma a shari'ar sata. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa bayin Haɗibu ɗan Abi Balta'a sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina, suka yanka. Umar ya umarci Kasiru ɗan Saltu ya yanke hannuwansu. Kafin a zartar sai ya lura cewa maigidansu yana barin su da yunwa, ya janye umarnin, ya juya kan Haɗibu. Mai taguwa ya ce ba ya sayar da ita ko a kan dirhami 400, Umar ya sa a biya shi 800. Malik ya bayyana cewa aikin mutanen Madina bai gudana a kan ninka ƙima ba. Abin da ya shafi wannan bincike shi ne hukuncin haddi ya fita daga bakin Halifa, sannan ya koma saboda shubuha.

Malamai sun zo daga baya suka yi wa lamarin iyaka, don kada husuma ta zama ba ta da ƙarshe. Suka kafa ƙa'idar cewa ijtihadi ba ya warware ijtihadi. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a shekarar 684 bayan Hijira, ya ambaci wurare huɗu da ake rushe hukunci: idan ya saɓa wa nassi, ko ijma'i, ko ƙa'idojin shari'a, ko ƙiyasi bayyananne. Ibnu Farhun ya faɗaɗa zancen a Tabsiratul Hukkam. Mawardi kuwa, wanda ya rasu a 450, ya tsara wilayar mazalim a Ahkamus Sulɗaniyya, inda shugaba yake sauraron kukan da ya fi ƙarfin alƙali.

Haddin sata, wanda aya ta 38 ta Suratul Ma'ida ta zo da shi, yana da sharuɗɗan da suka sa dalilan rushewa suke da yawa. A Malikiyya dole abin da aka sata ya kai rubu'in dinari ko dirhami uku, a fitar da shi daga ma'ajiyar da ta dace da shi, ɓarawon ya zama baligi mai hankali, laifin ya tabbata da shaidu biyu adilai ko da iƙirarin da ba a tilasta ba. Mai Risala ya bayyana cewa wanda ya yi iƙirari sannan ya janye ba a yanke shi, sai dai a bi shi dukiyar. Akwai kuma i'izari, wato alƙali ya tambayi wanda ake tuhuma ko yana da sauran hujja kafin ya yanke hukunci, kuma barinsa yana ɓata hukuncin.

Wajibi ne a bambance wannan da afuwa. Hadisin matar Banu Mahzum, wadda Usama ɗan Zaidu ya nemi ceto, da hadisin Safwanu ɗan Umayya, wanda ya so ya yafe wa ɓarawon mayafinsa bayan ya kai shi gaban Annabi (SAW), sun nuna cewa haddi idan ya isa ga shugaba kuma ya tabbata, babu mai ikon ɗage shi. Mai ɗaukaka ƙara ba yafiya yake roƙo ba. Da'awarsa ita ce haddin tun farko bai tabbata ba.

3.0 Kurkuku da Sharaɗin Fita

Fiƙihu ya san ɗauri iri biyu a laifukan dukiya: na tsarewa har a gama bincike ko a zartar da hukunci, da na uƙuba. A na biyun ne ake samun abin da ya yi kama da sakin talala. A kan ɗan fashin da bai yi kisa ba, Malikiyya sun bai wa shugaba zaɓi tsakanin uƙubobin aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, kuma suka fassara kora da cewa a kai shi wani gari a ɗaure har tubansa ya bayyana. Mabuɗin ƙofar ke nan yana rataye da halinsa, kuma alamun tuba ake dubawa, ba furucin baki kawai ba.

Alƙali Abu Yusuf, wanda ya rasu a 182, ya rubuta wa Haruna Rashid a Kitabul Haraji cewa a ciyar da ɗaurarru daga baitulmali, ya ƙiyasta wa kowane dirhami goma a wata. Ya danganta cikar gidajen kurkuku da ƙarancin duba al'amarin mutanen ciki, ya nemi a umarci gwamnoni su riƙa dubawa a kai a kai, wanda ya cancanci horo a hore shi a sake shi, wanda ba shi da shari'a a buɗe masa ƙofa. Halil ma a Muhtasar ya sanya ɗaurarre farkon wanda sabon alƙali zai fara dubawa.

4.0 Ƙasar Hausa Kafin Turawa

Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, cewa sarki ya zauna wa jama'a kullum yadda raunana za su iya isa gare shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya soki sarakunan zamaninsa da musanya haddi da karɓar dukiyar mai laifi. Ana cikin jihadi, Shehu Abdullahi ya rubuta Diya'ul Hukkami a Kano don ya zama jagora ga masu hukunci. Tsarin da ya kafu shi ne wanda bai gamsu da alƙalin ƙauye ba ya tafi wurin alƙalin birni, daga nan majalisar sarki, kuka kuma yana iya kaiwa Sakkwato. Ɗaurarru suna hannun Yari, wanda daga sarautarsa aka samo sunan gidan yari.

5.0 Zamanin Turawa: Haddi ya Koma Wa'adi

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato kuma a watan Maris. Gwamna Lugga ya bar kotunan alƙalai da na sarakuna, amma dokokinsa na 1900 da 1906 sun hana duk uƙubar da ta ƙunshi yanke gaɓa. Sai ɗauri na shekaru ƙidayayyu ya maye gurbin yanke hannu, Razdan da Di'o kuma suka sami ikon duba hukuncin alƙali su rage ko su soke.

Gyaran da Gwamna Donald Cameron ya yi a 1933 ya buɗe hanyar ɗaukaka ƙara daga kotunan gargajiya zuwa na Turawa. Rikicin da ke cikin wannan ya fito fili a 1947, a shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe hukuncin kisa da aka gina a kan Malikiyya saboda ya saɓa wa kundin Turawa. Malamai da sarakuna sun ga afil ta zama hanyar ɗora wata doka a kan shari'a, kuma a fahimtar mai wannan rubutu, daga nan ne ƙyamar ɗaukaka ƙara ta sami gindin zama a zukatan jama'a. An kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Musulmi a 1956. A 1958 gwamnatin Sardauna ta naɗa kwamitin masana ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, wanda shawararsa ta haifar da Final Kod da ta fara aiki a 1960. A ƙarƙashinta sata ta zama laifin ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyar, ko tara, ko duka biyun. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da aka kafa a wannan shekarar an taƙaita ta ga aure da gado da makamantansu. A 1968 gidajen yarin En'e suka koma hannun gwamnatin tarayya, da tsarinta na rage sulusin wa'adi ga mai kyakkyawan hali.

6.0 Daga 2000 Zuwa Yau

Jihar Zamfara, a mulkin Ahmad Sani Yariman Bakura, ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoba na 1999, kundin laifukanta ya fara aiki a Janairun 2000, jihohin da suka bi wannan hanya kuma suka kai 12. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutum da aka samu da satar saniya, bai kuwa ɗaukaka ƙara ba. Bayan 'yan haddodin da aka zartar a shekarun farko, gwamnoni suka daina sanya hannu, alhali kotuna ba su daina yanke hukuncin ba. Mutane da dama suka zauna gidan yari shekara da shekaru suna jiran haddin da ba ya zuwa.

A nan tsarin biyu suka bar giɓi. Rangwamen sulusi da wa'adi ake lissafa shi. Sakin talala, wanda dokar tarayya ta gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta tanada, kuma dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta kafa masa sashe, shi ma a kan wani kaso na wa'adi ya dogara. Mai jiran haddi ba shi da wa'adi, don haka babu sulusin da za a cire masa. Ɓarawon da aka ɗaure shekara uku ta'aziri yakan fita bayan biyu, ya bar abokin ɗakinsa mai jiran haddi a ciki. Sauran hanya ita ce afuwar gwamna a ƙarƙashin sashe na 212 na tsarin mulkin 1999, ita kuwa tana karo da hadisan da suka gabata matuƙar ana ɗaukar haddin tabbatacce.

Ɗaukaka ƙara ce take warware ƙullin. Idan kotun sama ta ga ba a tabbatar da nisabi ko ma'ajiya ba, ko an tsallake i'izari, ko mai iƙirari ya janye, haddi ya faɗi da hujjar shari'a. Sai dai a sallame shi, ko a sake shari'ar, ko a mayar da hukuncin ta'aziri mai wa'adi, wanda zai shigar da shi sahun masu rangwame. Shari'o'in zina biyu da aka rushe a Sakkwato a 2002 da Katsina a 2003 sun nuna cewa alƙalan shari'a da kansu suna rushe haddi da hujjojin Malikiyya. Waɗancan sun sami lauyoyi saboda duniya ta zuba musu ido. Ɓarawon akuya ko keke sau da yawa bai san yana da wannan haƙƙi ba, ko yana jin tsoron a ce ya yi jayayya da hukuncin Allah. Ga kuma saɓanin hurumi, domin sashe na 277 na tsarin mulki bai ambaci laifuka cikin ayyukan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba, abin da ya ƙara wa hanyar duhu.

7.0 Kammalawa

Tarihin da aka bibiya ya nuna cewa sake duba hukuncin sata sunna ce ta Umar, kuma rataya fitar ɗaurarre da gyaruwar halinsa hukunci ne na Malikiyya. Abin da ba a samu a littafi ko ɗaya ba shi ne tsarewa ta ɗan lokaci ta rikiɗe ta zama uƙuba marar iyaka, har mutum ya sha ɗaurin da ya zarce na Final Kod, haddi kuma yana nan a wuyansa.

Saboda haka maƙalar tana ganin ya dace majalisun jihohi su wajabta kai kowane hukuncin haddi gaban kotun sama ko da wanda aka yanke wa bai nema ba, su kuma ƙayyade lokacin da tsarewa ba za ta wuce ba. Ya dace alƙalan alƙalai su raya wasiyyar Abu Yusuf ta duba ɗaurarru a kai a kai. Duk sakin da za a yi a haɗa shi da mayar wa mai dukiya haƙƙinsa, domin faɗuwar haddi ba ta kayar da ramuwa. Malamai kuma su sanar da jama'a a kan mumbari cewa wanda ya ɗaukaka ƙara da fahimtar alƙali yake jayayya, kuma alƙali ɗan Adam ne da yake dacewa yake kuskure.

Allah Shi ne Mafi sani.