Dazuzzuka da duwatsun arewacin Zamfara

A ƙasashen Turai da Amurka, watannin Yuni zuwa Agusta su ne lokacin da jama'a ke fita hawan tsaunuka da kallon namun daji. A arewacin jihar Zamfara watannin sukan faɗo ne a tsakiyar damina, kuma a sannan ne dajin da ke tsakanin Ƙaura Namoda da Zurmi da Shinkafi ya fi kyan gani.

Babu dogayen tsaunuka a yankin. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai 'yan tuddai, da duwatsu jefi-jefi ta wajen Ƙaura Namoda da Zurmi. Idan aka nufi Shinkafi sai ƙasar ta ƙara kwanciya, inda gulaben Gagare da Bunsuru ke gangarawa zuwa kogin Rima.

Gandun dajin Zamfara

A shekarar 1919 ne Turawan mulkin mallaka suka keɓe wani yanki na ƙasar Zurmi a matsayin gandun daji. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000, kuma ta gabas ya haɗe da dazuzzukan Runka da Rugu na jihar Katsina.

An bar ƙauyuka huɗu a cikinsa, wato Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Ajja, aka shata musu iyakar gonaki. Bayan samun 'yancin kai, musamman da aka kafa dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa a 1965, sai aka fi sanin gandun a matsayin makiyaya.

Manoman ƙauyukan da Fulani makiyaya sun daɗe suna cin moriyar juna. Bayan girbi shanu kan shiga gonaki su ci kara, su bar taki.

Abin da ake gani da damina

Marke da geza da sabara da kalgo su ne suka fi yawa a dajin, sai kuka da tsamiya da kanya a kusa da ƙauyuka da kufai. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, saboda haka shi kaɗai ake gani tsirara a tsakiyar kore.

Tsuntsaye ne babban abin kallo. Shamuwa kan iso da farkon ruwa daga kudancin Afirka, ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari, kuma manoma na ɗaukar zuwanta a matsayin albishir na shuka. Akwai zabin daji da fakara da cilakowa, ga belbela tana bin garken shanu.

Manyan namun daji dai sun yi ƙaranci tun kafin rikicin da ake fama da shi. Farauta da saran itace da faɗaɗa gonaki da farin shekarun 1970 da 1980 duk sun rage su, har ya zama abin da mahalbi ya fi cin karo da shi bai wuce zomo da gada da dila da jan biri ba.

Dutsen Kwatarkwashi

Mai son hawan dutse sosai sai ya yi kudu, ya wuce Gusau zuwa Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu. Masu nazarin tsuntsaye sun san dutsen garin saboda mikiyoyin da suka riƙa sheƙa a jikinsa.

A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya mikiya da ungulu cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinsu domin haɗa magani na cikin manyan dalilai. Duk wanda ya san mahautar ƙasar Hausa shekaru 30 da suka wuce ya san yadda ungulu ta ɓace.

Dajin ya zama mafaka

Tun daga wajajen 2011 'yan bindiga suka fara kafa sansanoni a dazuzzukan Zamfara. Dumburum da ke Zurmi da Sububu da ke tsakanin Maradun da Shinkafi sun koma sunayen da ake ji a labaran satar shanu da garkuwa da mutane.

A 2019 gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar salula, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako, sannan a watan Janairu na 2022 aka ayyana 'yan bindigar a matsayin 'yan ta'adda.

Wuyar shiga dajin da damina, lokacin da ciyawa ke rufe hanya kuma ƙoramu ke cika, ita ce ke ba 'yan bindiga kariya daga jami'an tsaro. Gandun dajin ƙasa na Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda aka ɗaga darajarsa a 1999, shi ma ya faɗa cikin irin wannan hali.

Saboda haka ba batun yawon buɗe ido ake yi ba a yankin. Mai saran itace da mai neman zuma da mai saƙar magani, waɗanda suka fi kowa sanin hanyoyin dajin, da yawansu sun daina shiga, wasu ma sun yi ƙaura zuwa Ƙaura Namoda da Gusau.