Shagon Hayar Kaset: Yadda Ya Zo, Yadda Ya Tafi, da Abin da Ya Tafi da Shi



Mu da aka haifa a ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000 a yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum da Gummi, mu ne rukuni na ƙarshe da aka taɓa aika shagon hayar kaset. Ƙannenmu ba su san shi ba. Yayyenmu sun san shi fiye da mu, amma ba su rubuta komai a kansa ba. In mu ma muka yi shiru, wata sana'a da ta yi shekaru kusan ashirin tana ciyar da gidaje, tana raba wa jama'a labari, za ta wuce kamar ba a yi ta ba. Shi ya sa a wannan makon muka ga ya dace mu bi sawunta.

Kafin kaset, kallo abu ne na fita waje. A zamanin Turawa akwai majigi, motar da ke zagaya garuruwa tana haska fim a fili da dare. Bayan haka sai gidajen silima na manyan birane, irin su Rex da aka buɗe a Kano a 1937, da Palace da Plaza da suka biyo baya, inda finafinan Indiya suka samu gindin zama. Amma silima wuri ne na maza, kuma ba kowane namiji ke son a gan shi a ƙofarta ba. Matar aure da ke cikin gida ba ta da rabo a ciki. Mutumin ƙauye irin 'Yargalma kuwa sai dai ya ji labari a bakin wanda ya je birni.

Na'urar bidiyo ce ta sauya wannan. Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset samfurin VHS a 1976, kuma a cikin shekarun 1980 na'urar ta fara shiga gidajen masu hali a Arewa. Da farko finafinan Indiya da na Sin da na Amurka ake kallo. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi a kaset don kasuwa. Daga nan ƙofa ta buɗe.

A nan akwai abin da ya kamata kowane marubuci ya riƙe. Marubuta na cikin waɗanda suka raini wannan masana'anta tun tana rarrafe. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna fim a 1994. Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Ahmed Funtuwa ya zama fim, haka ma Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Hatta sunan Kannywood daga alƙalamin marubuci ya fito, Sunusi Shehu Daneji, a mujallar Tauraruwa a 1999, shekarar da mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fitowa. Da Sangaya da Wasila suka fito a daidai shigowar shekarar 2000, kasuwar ta kai inda ba wanda ya yi zato.

To yaya kaset ke isowa gare mu? Cibiyar cinikin tana Kano, musamman kasuwar Ƙofar Wambai da kewayen Bata. Mai fim zai buga kwalayen kaset masu hoton 'yan wasa, ya kai wa dillalai tare da uwar kaset. Dillali ne ke sayen kaset marar komai, ya jera na'urori ya kwafa, ya saka a kwali. Rabon mai fim yana cikin kuɗin kwalin ne. Daga Kano kaya su biyo mota zuwa Gusau ko Sakkwato, daga can ƙananan 'yan kasuwa su saro, su biyo hanyar Anka da Daki Takwas su kawo mana. Kafin fim ya iso Gummi ko Nasarawar Burkullu, waƙoƙinsa sun riga shi zuwa a kaset ɗin rediyo, don haka ana jiransa tun bai zo ba.

Sayen kaset ba na kowa ba ne. Fim ɗin da za ka kalla sau ɗaya ko biyu, ga shi kusan kowanne yana da na ɗaya da na biyu, wani har na uku, ba ƙaramin kuɗi zai ci ba. Nan mai haya ya samu wurin zama. Ya sayi kaset ɗaya, ya ba gidaje da yawa aro a kan 'yan nairori, kwana ɗaya ko wuni guda. Jarinsa kanta ce ta katako, da benci, da fostoci a bango, da talabijin ƙarama ta gwaji, da wani babban littafi mai layi-layi inda yake rubuta sunan fim da sunan gidan da aka kai shi. Ba ya neman katin shaida. Ya san yaron, ya san uwarsa, ya san ƙofar gidansu. Baƙo ne kawai ake ce wa ya ajiye jingina. A ƙauyukan da ba wutar NEPA kuwa, mai gidan kallo ne ke zuwa gari ran kasuwa ya ɗauko kaset, da dare ya tayar da janareta, jama'a su biya su shiga.

Tarihin jiharmu ya ƙara wa shagon muhimmanci. An ƙirƙiro Zamfara a ranar 1 ga Oktoba 1996. A Oktoban 1999 gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, aka kuma rufe gidajen silima. A Kano ma an dakatar da harkar fim a Disamban 2000, kafin a kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Kallo bai mutu ba, sai ya koma cikin ɗaki. Kuma wanda ke riƙe da mabuɗin kallon cikin ɗaki shi ne mai haya.

Manyan abokan cinikinsa mata ne, duk da cewa yawancinsu ba su taɓa taka shagon ba. Mu yara mu ne 'yan aike. A damƙa maka kuɗi a ce, "Je ka ce wa mai kaset ya ba ka sabo, amma ban da wanda muka gani jiya." Shi kuma ya san gidan da ke son na soyayya, da wanda ke son na Ibro, da wanda maigidan ba ya yarda a shigo da mai rawa. Idan kaset ya shiga gida ɗaya, maƙwabta sun samu. A shimfiɗa tabarma, a cika ɗaki, masu goyo a bakin ƙofa, yara a gaba. Washegari a bakin rijiya da wurin daka da makarantar Islamiyya zancen ɗaya ne. A yawancin wuraren, shagon nan ko na kusa da shi shi ne ke ba da hayar littattafan Hausa, waɗanda manazarta suka kira Adabin Kasuwar Kano. Littafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya cire a ɗinke shi da zare. Da yawa daga cikin masu rubutu a yau a irin wannan littafin suka fara ganin cewa ana iya rubuta labari da Hausa a kuma karanta.

Sai dai kewa ba za ta sa mu rufe ido ba. Masu shirya fim ba su taɓa ƙaunar mai haya ba, kuma suna da hujja. Kaset ɗaya da ya zaga gida talatin, kwali ɗaya kacal aka biya mai fim. Wasu masu hayar ma ba sa sayen na biyu, sai su haɗa na'ura biyu su kwafa. Marubucin littafi ma haka ya sha: masu karatu ɗari, ciniki ɗaya. Ga kaset mai ruwa-ruwa da ya gaji da kallo, ga zaren da ke naɗewa a cikin na'ura, ga rigimar wanda ya riƙe kaset kwana uku ya ce wuta ce ba a kawo ba. Malamai da iyaye kuma sun yi ta kokawa kan abin da ke shiga gidaje ta wannan hanya. Shagon ya faɗaɗa masu kallo, ya kuma rage abin da ke shiga aljihun masu ƙirƙira. Duka biyun gaskiya ne.

Mutuwarsa ba a rana ɗaya ta zo ba. Da farko faifan CD ya ture kaset a tsakiyar shekarun 2000. Na'urarsa ta fi araha, faifan ya fi sauƙin kwafa, sai farashinsa ya yi ta sauka har ya matso kusa da kuɗin haya. Wanda zai iya saye da ɗan ƙari, me zai sa ya yi aro? Ga shi faifai ba ya jure hannu da yawa, gida biyar ya shiga ya karce ya fara maƙalewa. Sannan DVD ya zo da finafinai da yawa a faifai guda.

Na biyu ita ce waya. Layukan GSM sun shigo Najeriya a 2001, kuma bayan wasu shekaru wayoyi masu ɗaukar memori suka cika kasuwa. Sai ga sabuwar sana'a: matashi da kwamfuta a ƙarƙashin rumfa, yana tura fim a waya. Masu turi ba sa jiran a dawo musu da kaya, ba abin da ke karcewa, kuma fim ɗaya za su sayar sau dubu bai ƙare ba. Da yawa daga masu haya da kansu suka sauke kanta suka sayi kwamfuta, wasu suka haɗa da cajin waya. A wannan zangon ne fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa, irin ta Algaita, ta mamaye wayoyin matasa.

Na uku tauraron ɗan'adam da intanet. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo shiri mai dogon zango irin Daɗin Kowa kyauta har cikin ɗaki. Zuwa 2020, lokacin da Izzar So ya yi tashe a YouTube, masu shirya fim da kansu sun bar faifai sun koma mako-mako a intanet. Dillalan Ƙofar Wambai da suka taɓa juya masana'antar suka kama wasu sana'o'in.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. A Amurka kamfanin Blockbuster, wanda aka kafa a 1985, ya kai shaguna kusan 9,000 a 2004, ya karye a 2010, yau saura shago ɗaya a garin Bend na jihar Oregon. Netflix da ya fara da aika faifai ta gidan waya ya daina a 2023. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo, ya tsaya a 2016. Bambancinmu da su shi ne, su sun adana da yawa daga abin da ke cikin kaset ɗin kafin su jefar da shi. Mu zafi da ƙura da gara muka bar wa namu. Finafinan Hausa da dama na shekarun 1990 yau ko wanda ya shirya su ba shi da kwafi.

Mu a nan yankin mun ga wani darasi da mutanen birni ba su gani ba. A Satumban 2021, saboda matsalar tsaro, aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara, aka kuma rufe kasuwannin mako. Makonni aka yi ba kira, ba intanet. Duk labarin da ke zaune a YouTube, da duk littafin da ke jiran a sauke shi daga WhatsApp, ya zama kamar babu shi. Abin da ya rage shi ne abin da ke hannu: memorin da aka riga aka cika, da tsohon littafin da ke ƙarƙashin katifa. Marubucin da duk aikinsa ke cikin waya ɗaya ya kamata ya tsaya ya yi tunani a nan.

Abin da ya fi ciwo a rashin shagon shi ne mutumin da ke cikinsa. Mai haya ya kalli kusan duk abin da ke kantarsa, kuma yana jin hukuncin jama'a kai tsaye. Ya san fim ɗin da ake dawowa da shi ana tsaki, da wanda ake roƙon a ƙara kwana. In ya ce maka labari ya yi sanyi a tsakiya, to ya yi. Yau kowa na kallo shi kaɗai da abin ji a kunne, na'ura ce ke zaɓa masa na gaba, kuma adadin waɗanda suka danna ba ya gaya wa marubuci inda mai karatu ya gaji. Mu da ke rubutu muna buƙatar irin wancan kunnen, ko da a tsakaninmu ne za mu samar da shi.

Saboda haka ga aikin da muke ba kanmu. Tsofaffin masu haya suna nan da ransu a Anka da Gummi da Bukkuyum, wasu na sayar da kayan waya, wasu sun koma gona. A same su da ladabi, a ce, "Baba, muna son ka ba mu tarihin sana'arka." A tambaye su shekarar da suka fara, inda suke saro kaya, nawa suke ba da haya, wane fim ne ya fi fita, yaushe suka rufe kuma me ya sa. In littafin rajistarsu na nan, a nemi izini a ɗauki hotonsa, domin a cikinsa akwai tarihin abin da garinmu ya so a kowace shekara, sai dai a sakaya sunayen gidajen mutane. A tambayi iyayenmu mata su ma, don su ne suka riƙe kasuwar. Wanda ya samu tsohon kaset ko kwali ko fosta, kada ya bari a hura wuta da shi. Mai gajeren labari ya samu fage, mai wasan kwaikwayo ya samu ɗan wasa, mai tarihi ya samu hujja.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mu dai ba kaset muke so ya dawo ba, waya ta fi shi sauƙi kuma mun sani. So muke a rubuta shi tun masu ba da labarin suna iya tunawa.

Allah ya yi wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.