Asalin Dillalan Littattafai Da Takardar Neman Su

Kowa ya san mai shanu ba ya shiga kara shi kaɗai, sai ya nemi dillali, don dillali ya san masu saye, ya kuwa san kuɗin da ake yayi. To, a Turai har littafi yana da dillalinsa, amma sana'ar ba ta daɗe ba. Bari mu ba masu karatu labarin asalinta, da na takardar da marubuci kan aika ya nemi dillalin.

A zamanin da, marubuci shi ke ciniki da masu ɗab'i da kansa, galibi kuwa shi ake kwara. A shekarar 1667 John Milton, mawaƙin Ingila, yana makaho, ya sayar da littafinsa Paradise Lost fam 5, da alkawarin ƙarin fam 5 in an sayar da guda 1,300. Yau babu wanda ke tuna mai ɗab'in sai don wannan ciniki.

A watan Nuwamba na 1797 wani limamin ƙauye, George Austen, ya rubuta wa Cadell, babban mai ɗab'i a London, ya ce yana da wani labari juzu'i uku. Bai faɗi sunan littafin ba, bai faɗi mai shi ba, balle abin da labarin ya ƙunsa. Aka mayar masa da amsa nan take, ba a so. Masana sun ce littafin nan shi ne na 'yarsa Jane, wanda ya fito a 1813 da sunan Pride and Prejudice, bayan ta sayar da shi ɗungum fam 110. Ku duba, shekara 15 da ɗoriya littafi yana kwance, ba a ko buɗe shi ba aka ƙi shi.

Wajen 1875 wani mutumin Sikotlan, A. P. Watt, ya fara sayar wa abokinsa George MacDonald labarai. Da ya ga abin sana'a ne, sai ya buɗe ofis a London, yana karɓar la'adar ushiri, watau sule biyu cikin kowace fam. Hikimarsa ita ce ba ya sayar da littafi ɗungum. Sai ya sayar wa jarida izinin bugawa kashi-kashi, ya sayar wa mai ɗab'i izinin yin littafi, sa'an nan ya sayar wa mutanen Amurka nasu daban. Kipling da Conan Doyle duk ta hannunsa suka bi.

Masu ɗab'i ba su ji daɗi ba. A 1893 William Heinemann ya rubuta a jarida yana sukar dillalai, wai kaska ne, suna shan jinin da ba su wahala a kansa ba. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A 1896 J. B. Pinker ya buɗe nasa ofis. Shi ne ya riƙa ba Joseph Conrad rance shekara da shekaru, har bashin ya haura fam 2,000, kafin littattafansa su yi kasuwa a 1914.

Da fari dillalai ke farautar marubuta. Da marubuta suka yi yawa, manyan gidajen ɗab'i suka daina duba abin da bai zo ta hannun dillali ba, sai reshe ya juye da mujiya, marubuci ya koma neman dillali da takarda. Ko ɗan ƙasarmu Chinua Achebe ta hannun dillali ya kai littafinsa na fari London, waɗansu suka ƙi, aka buga shi a 1958. Abin mamaki, gidan Heinemann ne ya buga, gidan mutumin nan mai zagin dillalai. Haka J. K. Rowling, a 1995 ta aika babi uku ga dillali, na farko ya mayar mata, na biyu, Christopher Little, ya karɓa. Masu ɗab'i 12 suka ƙi, kana Bloomsbury ta buga a 1997.

Yanzu la'ada ta koma 15 cikin 100, takardar kuwa ta waya ake aikawa, amma sharaɗinta bai sake ba. Shafi guda ce. A faɗi sunan littafi, da irinsa, da yawan kalmominsa. A faɗi wane ne labarin ke kansa, me yake nema, me ya tare masa hanya, me zai rasa in ya kasa. Sa'an nan marubuci ya faɗi ko shi wane ne a taƙaice, ban da yabon kai. A kuma lura, dillalin kirki ba ya karɓar ko anini sai ya sayar. Wanda ya ce a biya shi kafin ya karanta, a guje shi.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Mai littafi ya tuna da takardar limamin nan, ya faɗi abin da ke cikin hajarsa. In an ƙi, ya gyara, ya sake aikawa wani wuri, gama mai nema yana tare da samu.